Me ya sa labaran kisa na cikin gida suke raba kan masu karatu haka?

Akwai wani irin littafi da in ka bi abin da masu karatu suke faɗa a kansa sai ka rantse ba littafi ɗaya suka karanta ba. Wannan ya ba shi tauraro biyar yana cewa tunda yake bai taɓa karanta abin da ya girgiza shi haka ba, wancan ya ba shi tauraro ɗaya yana cewa da da hali ma ko ɗayan ba zai bayar ba, kuma abin mamakin in ka natsu ka duba dalilansu sai ka tarar duk kanwar ja ce: ya hana ni barci, ya tokare min a ƙirji, babu mutumin kirki ko ɗaya a ciki, ƙarshensa ba daɗi. Mai yabo da wannan yake yabo, mai zagi ma da shi yake zagi. Littattafan da nake nufi su ne labaran laifi masu duhu da ake kira nuwar, musamman waɗanda kisan da dukan da cin amanar duk a cikin gida ɗaya suke faruwa, tsakanin uba da ɗa, miji da mata, uwa da 'yarta, wa da ƙani.

Sai an fara raba shi da labarin ɗan bincike da aka saba kafin a gane fushin mutane. A wancan tsohon salon ana tsintar gawa a babi na farko, sai wani mai kaifin ƙwaƙwalwa ya zo ya yi ta bin sawu, a ƙarshe ya tara kowa a falo ya nuna mai laifi da yatsa, 'yan sanda su tafi da shi, kowa ya sauke ajiyar zuciya. Shi nuwar ba haka yake tafiya ba. Sau da yawa wanda yake ba ka labarin shi ne mai laifin, ko wanda aka zalunta, ko wani da ya faɗa ramin da ba zai fita ba, kuma tun shafi na goma ka san ba za a wanye lafiya ba, kawai kana bin sa ne ka ga yadda zai nutse. A Amurka salon ya yi ƙarfi, a mujallu masu araha irin Black Mask da aka kafa a 1920, inda su Dashiell Hammett da Raymond Chandler suka yi suna. Sunan kuma Faransawa ne suka laƙaba masa, ma'anarsa baƙi, don a 1945 kamfanin buga littattafai na Gallimard ya fara fitar da jerin littattafai masu baƙin bango mai suna Série Noire, a 1946 kuma wani mai sharhin fim Nino Frank ya yi amfani da kalmar a kan finafinan Amurka masu irin wannan duhun.

Kuma ƙorafin ba yau ya fara ba. A 1934 James M. Cain ya fitar da The Postman Always Rings Twice, labarin mata da kwartonta da suka haɗa baki suka kashe mijinta, da bakin kwarton ma ake ba da labarin, aka haramta shi a birnin Boston. Sama da shekara casa'in kenan ana wannan rigimar. Abin da ya canja shi ne gidan ya ƙara matsowa tsakiyar labarin, har a 2013 marubuciyar Birtaniya Julia Crouch ta ba wannan reshen suna nasa na kansa, nuwar na cikin gida, shekara ɗaya bayan Gone Girl na Gillian Flynn ya cika duniya.

To me yake ɓata wa mutane rai? Da yawa za su ce maka jinin ne ya yi yawa. Ni ban yarda jini ne ba, don mutanen nan dai su ne suke karanta labarin da aka harbe 'yan daba goma a shafi biyu su juya shafi ko a jikinsu. Amma a ba su wannan: yarinya 'yar shekara tara tana zaune da ƙaninta suna kallon talabijin, sai ta ji makulli a ƙofa, daga yadda makullin yake ta karo da ƙarfe kafin ya samu ramin ta riga ta san a buge babansu ya dawo, ta kashe talabijin, ta ja hannun ƙanin zuwa ɗaki tana ce masa mu yi wasan wanda ya fi daɗewa bai yi magana ba, ita kuma uwar tana tsaye a kicin tana ta wanke farantin da ta riga ta wanke. Ba a zubar da ɗigon jini ba, ba a ɗaga hannu ba tukuna, amma a nan ne mutum yake rufe littafi ya ce shi kam ba zai iya ba. Saboda harbin 'yan daba yana can nesa, wannan kuwa kowa ya san ƙarar makulli, kowa yana da ƙofar da yake rufewa da dare yana ganin mugun yana waje. Labarin da ya ce maka mugun da makullinsa yake shigowa ya taɓa wurin da ba a so a taɓa.

Kuma mai karatu ya san ba ƙirƙira ce zalla ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2023 an kashe mata da 'yan mata kusan 85,000 da gangan a duniya, kusan kashi 60 cikin ɗari, wato wajen 51,100, miji ko saurayi ko wani ɗan uwa ne ya kashe su, kimanin mata 140 kenan kullum. Littafin da ya sa makashi a cikin gida ya fi kusa da gaskiya a kan wanda ya sa shi a lungu da wuƙa yana jiran baƙuwar fuska, shi ya sa ya fi ciwo.

Sai maganar yadda labarin yake ƙarewa, wadda ita ce take jawo fushi mai zafi. Mutum ya haƙura ya bi shafi ɗari uku na azaba yana ta lallashin kansa cewa ai za a rama wa yarinyar nan, ai azzalumin nan zai ga sakayya, sai littafin ya ƙare uban yana nan daram, ko kuma yarinyar ta girma ta zama irinsa, ko an kama wanda bai ji ba bai gani ba. Mai karatu sai ya ji kamar an ci masa bashi an hana shi. Kuma an daɗe ana saba mana da samun biyan nan, a Hollywood ma doka ce, tun daga 1934 da aka fara tsaurara ƙa'idojin tace fim da ake kira Hays Code har zuwa 1968 ba a yarda a nuna mai laifi ya ci bulus ba. Na fahimci wannan fushin sosai, son a ga an yi adalci abu ne mai kyau a zuciyar mutum, ba rauni ba ne. Sai dai a labarin gida wane hukunci ne zai gamsar? A ce an ɗaure uban shekara ashirin, to yaran sun zama 'ya'yan fursuna, uwar da ta yi shiru tana nan, kakar da ta ce a rufa asiri tana nan, kuma yaron da ya kai ƙarar uban nasa har gobe yana kewarsa, yana jin haushin kansa don yana kewarsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Marubucin da ya ƙi rufe labarin da ankwa da kotu sau da yawa ba mugunta ce ta sa shi ba, ya ga cewa ankwar ba ta rufe komai ne.

Ƙorafi na gaba shi ne wai ba wanda za ka so a cikin mutanen labarin. Wannan ina jin sa amma bai dame ni ba, don mutumin da ya tashi a gidan duka da zagi ba lallai ya fito da fara'a da sanyin hali ba, yakan fito da ƙarya da zargin kowa da saurin hannu, in aka rubuta shi tsaf kamar mala'ika an yi masa ƙarya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ma'aunin yake canjawa in mace ce. Uba mashayi, mai caca, mai dukan iyali, an saba da shi a littafi, za a tsane shi amma ba za a zagi marubucin ba. Amma bari a kawo uwa wadda ba ta son 'yarta, ko wadda take cutar da ita da hannunta tana nuna wa duniya ita mai jinya ce, nan take za ka ji ana cewa wannan ba zai yiwu ba, babu uwar da za ta yi haka, marubucin nan ba shi da lafiya. Littafin Gillian Flynn na farko, Sharp Objects na 2006, a kan irin wannan uwar ya tsaya, kuma bayan Gone Girl an zarge ta da ƙin jinin mata duk da ita ma mace ce, ta kare kanta da cewa abin da ya ishe ta shi ne tunanin wai mace dole mai kirki ce mai reno tun daga halitta. Ni a nan ina bayanta. Irin waɗannan uwayen suna nan, ba su da yawa amma suna nan, har likitoci suna da suna na cutar da ke sa mai reno ya ƙirƙiro wa yaro ciwo don a tausaya masa. Kuma wanda irin wannan uwar ta yi renonsa shi ne ya fi kowa kaɗaici a duniya, don duk wanda ya gaya wa sai ya ce masa haba, uwa fa ka ce. In shi ma littafi an hana shi faɗa, ina zai ji cewa ba shi kaɗai ba ne?

Wannan ya kawo mu kan masu karatun da suka fi kowa hakkin magana, waɗanda suka rayu a irin gidan. Su ma ba bakinsu ɗaya ba. Wata za ta ce wannan ne karo na farko da ta ga an rubuta abin yadda yake, yadda ake koyon karanta fuskar mutum tun daga bakin ƙofa, yadda washegari kowa zai zauna a ci abinci kamar ba a yi komai ba, ta ce ta yi kuka amma kukan sauƙi ne. Wani kuma da ya sha irin wahalar zai ce littafin ya tono masa abin da ya yi shekaru yana binnewa, ya kwana uku ba ya cikin hayyacinsa, kuma bai ga dalilin da za a mai da azabarsa abin nishaɗin wasu ba. Duk su biyun gaskiya suke faɗa, kuma ba wanda yake da ikon ce wa na biyun ka cika raki. Marubutan kansu wasu daga nan suka fito. James Ellroy yana ɗan shekara goma aka kashe mahaifiyarsa a 1958, ba a taɓa gano wanda ya kashe ta ba, littafinsa The Black Dahlia na 1987 ita ya sadaukar wa, a 1996 kuma ya rubuta My Dark Places a kan yadda ya koma yana bin sawun kisan da kansa. Mutum irin wannan in ya rubuta duhu ba za ka ce burga yake ba.

Daga nan ne rigimar gargaɗi ta taso, wato a rubuta a farkon littafi cewa akwai fyaɗe, akwai cin zarafin yara, akwai kisan kai. Masu ƙi suna cewa yana tona labarin kuma yana mai da manya yara. A 2023 wasu masana halayyar ɗan adam sun tattara binciken da aka yi a kan irin wannan gargaɗin suka ga ba ya rage raɗaɗin da mutum yake ji in ya karanta abin, sai ma ya ƙara masa fargaba kafin ya kai wurin. To gargaɗi ba magani ba ne, na yarda. Amma ni ina ganin layi biyu a bayan bango ba su rage wa littafi komai ba, kuma matar da ta binne ɗanta bara tana da hakkin ta san abin da za ta tarar kafin ta biya kuɗinta. Wani abin da yake ba mutane mamaki shi ne masu karatu da yawa za su jure kisan mutum biyar amma a taɓa karen gidan sai su ajiye littafin, har shafin intanet guda aka buɗe mai suna Does the Dog Die, wato shin karen zai mutu, don mutane su duba kafin su fara. Wasu suna yi wa wannan dariya, ni kuma ina ganin abu ɗaya ne da na yarinyar nan mai jin makulli, wanda ba shi da bakin kai ƙara kuma ya amince da mai cutar da shi, shi ne zuciya ba ta iya ɗauka.

Akwai kuma zargin da ake jifan masu son littattafan da shi, wai duk mai karanta wannan ya ce ya yi daɗi to a bincike shi. Wannan zalunci ne. Tun zamanin Girkawa ake cika fili ana kallon wasan ɗan da ya kashe ubansa da uwar da ta kashe 'ya'yanta, har masanin falsafa Aristotle ya yi bayanin cewa tsoro da tausayin da mai kallo yake ji suna wanke masa zuciya. Kuma mata ne suka fi yawa a masu karanta labaran laifi, wani bincike na Amanda Vicary da Chris Fraley a 2010 ya nuna mata sun fi maza karkata ga littattafan laifukan da suka faru da gaske, musamman masu nuna yadda aka kuɓuta da abin da ke cikin kan makashin. Wadda ta san ita ce aka fi kashewa a gida in ta zauna tana nazarin yadda abin yake farawa, daga kishi zuwa duba waya zuwa raba ta da danginta zuwa marin farko da ake ba da haƙuri a kansa da kuka, ba mugun nishaɗi take ba.

Amma fa kada a ɗauka duk mai ƙorafi bai gane ba ne. Akwai inda suke da gaskiya dumu-dumu, kuma masu kare salon suna yawan zillewa a wurin. A 2009 Jessica Mann, marubuciya kuma mai sharhin labaran laifi a Birtaniya, ta ce ta daina sharhin littattafan da suke gasar azabtar da mata, kowane sabo yana neman ya fi na baya ƙazanta. A 2010 da aka nuna fim ɗin da aka yi daga littafin Jim Thompson na 1952, The Killer Inside Me, a bikin finafinai na Sundance, dogon dukan da aka yi wa mace a ciki ya tayar da ƙura sosai. A 2018 Bridget Lawless ta kafa kyautar Staunch don labarin da ba a doki mace ko bibiyarta ko yi mata fyaɗe ko kashe ta ba, sai marubuta mata irin su Val McDermid da Sophie Hannah suka soki abin, hujjarsu ita ce daina rubuta cin zarafi ba ya hana shi faruwa, sai dai ya ɓoye shi. Ina tare da su McDermid a kan kyautar, amma ciwon da ya haifar da ita na gaske ne.

Yadda ni nake rarrabewa shi ne in duba inda marubucin ya tsayar da idonsa. Wani zai ɓata shafi huɗu yana kwatanta gawar mace, launin fatarta, yadda rigarta ta yage, inda wuƙa ta bi, amma ka gama littafin ba ka san me take so a rayuwa ba, wa take kira in ta shiga damuwa, ita dai an kashe ta ne don jarumin ya samu dalilin ɓacin rai da shan giya. Wani kuma dukan a layi uku zai wuce shi, sai ya zauna a kan abin da ya biyo baya: ƙanwar da take ci gaba da biyan kuɗin layin wayar yayarta don kada a rufe ta daina jin muryarta a saƙo, ɗan da ya girma ya ɗaga hannu a kan nasa ɗan sai ya ji kalmomin ubansa suna fita daga bakinsa ya tsaya cak. Na biyun ya fi ciwo nesa ba kusa ba, amma shi ne ya ɗauki mutanen a matsayin mutane. Na farkon shi ne ya cancanci duk zagin da ake yi, kuma abin haushin sau da yawa ba shi ake zagi ba, don jini ba ya hana barci kamar yadda layin wayar nan yake hanawa. Haka ma littattafan da suke shiga gidajen talakawa, ƙauyukan da ƙwaya da rashin aikin yi suka cinye, akwai mai rubutawa don ya san mutanen yana jin zafinsu, akwai mai leƙawa kawai ya nuna wa masu hali yadda na ƙasa suke cin junansu, kuma mutanen irin wuraren suna gane bambancin tun babi na farko.

Wani kaso na laifin kuma na kamfanonin buga littafi ne. Bayan Gone Girl a 2012 da The Girl on the Train na Paula Hawkins a 2015 sun yi kasuwa ta fitar hankali, sai aka dinga yi wa kowane littafi mai gawa da aure a ciki kwalliya iri ɗaya, bango mai duhu, mace ta juya baya, a rubuta ba za ka iya ajiyewa ba, a yi alkawarin juyin da zai ba ka mamaki a ƙarshe. Mutum ya saya don ya rage dare ko ya kashe lokaci a tafiya yana jiran wasan ƙwaƙwalwa, sai ya tsinci kansa a cikin makokin wani gida da ba a shirya shi ba. Wannan mai karatun in ya fusata ba shi da laifi, marubucin ma sau da yawa ba shi da laifi don ba shi yake zaɓar bango ko rubutun bayansa ba, masu talla ne suka haɗa littafi da mutumin da ba shi aka rubuta wa ba, su sun karɓi kuɗinsu sun bar su biyun suna jin haushin juna.